Allo Mai Inci Talatin da Huɗu

Ni da kaina na zaɓi monitar nan, ba wanda ya sa ni dole. Ina faɗin haka tun farko saboda duk wanda na ba wa labarin sai ya fara nema mini mafita, wannan ya ce laifin wane ne, wancan ya ce ƙaddara ce. To, ƙaddara gaskiya ce, na yi imani da ita. Amma ba ita ta hau mota ta tafi Kano ta nuna saman kantar shago ta ce a sauko mata da mafi girma ba.

Sunana Muhyiddeen. Ina da shagon buga takardu a Wudil, a layin da ke gangarawa kasuwa, shekara goma sha ɗaya ke nan. Shago ne siriri, kamar da ragowar fili aka gina shi. Teburina yana jingine da bangon ƙurya, ni kuma in na zauna bayana ne ke kallon ƙofa. A bayan nawa akwai benci guda na masu jiran layi, taku uku ne tsakaninmu.

Masu kawo mini aiki iri biyu ne. Akwai ɗaliban jami'a da furojet ɗinsu, kullum cikin sauri, kullum malaminsu na jira. Sai kuma dattawa da mata daga cikin gari da ƙauyuka irin su Kausani da Dagumawa, masu takardar cinikin gona, da takardar sulhu, da wasiƙar koke. Su waɗannan ba sa kawo rubutu. Akwai wata 'yar kujera a gefena, a kanta mutum yake zama ya matso da bakinsa kusa da kunnena ya faɗi abin da ke ransa, ni kuma ina bugawa. Tsohuwar monitata ƙarama ce, mai ƙaton ƙeya, kafaɗata da ta mai aikin sun isa su rufe ta ruf. A shekarun nan na ji abubuwan da ko matata ban taɓa gaya wa ba, kuma ina alfahari da hakan, har ina ganin kamar halina ne kaɗai yake tsare sirrin mutane.

Dalilin da na bayar na canja monita gaskiya ne. Idanuna sun fara ciwo. Jadawalin ɗalibai ba ya shiga allon, sai na yi ta jan shi hagu da dama kamar mai neman kaza a cikin gero. Ina son in buɗe shafi biyu gefe da gefe, ina duban wannan ina gyara wancan. Duk wannan haka yake. Abin da ban faɗa ba shi ne, wani Timothy ya buɗe shago kusa da jami'a da monita mai faɗi, na kuma ji wasu 'yan mata biyu a bencina suna cewa aiki a wurinsa kamar kallon silima ne. Maganar nan kwana uku ta yi tana cina.

Matata Murja da na gaya mata, ba ta hana ba. Cewa kawai ta yi, "Ka dai auna teburin, kar ka kwaso abin da sai an rushe bango."

Na auna. Da igiya na auna, na ƙulle iyakar, na cusa a aljihu ina jin kaina mai lissafi. Faɗin tebur na auna. Ko kusa bai zo mini a rai in juya in auna abin da ke bayana ba.

A Kano na shiga shagon wani mutum mai suna Labaran, mai furfura a gemu, wanda ba ya gaggawar sayar da kaya. Ya kunna mini guda uku a jere, ya sa rubutu iri ɗaya a kansu.

"Wane aiki kake yi da ita?" ya tambaye ni.

"Buga takardu. Furojet, wasiƙu, irin wannan."

"To wannan mai inci ashirin da huɗu ta ishe ka. In kuwa shafi biyu kake so a lokaci ɗaya, ɗauki ta tsakiyar, ashirin da bakwai. Rubutunta a fili yake, ba za ka yi ta juya wuya ba."

Ni kuwa idona yana kan ta ukun. Inci talatin da huɗu, doguwa ta kwance, baƙinta har sheƙi yake. Labaran ya lura. Ya ce in matsa can gefe, kusa da ƙofa, in duba. Na matsa. Rubutun nan yana nan raɗau, bai dusashe ba ko kaɗan, ba kamar tawa ta gida ba da in ka kauce taku ɗaya sai duhu.

"Irin allonta ke nan," in ji shi. "Ko ta ina ka tsaya za ka karanta. Masu zanen gini ke sonta. Amma shagon naka babba ne? Don tana son wuri."

"Babba ne," na ce.

Ƙarya na yi masa, ban kuma san me ya sa ba, don ba abin da zai ragu a jikina in na ce ƙarami ne. Ya ɗan dube ni, ya ce to, ya sa aka ɗaure mini ita a kwali. A mota na biya kuɗin mutum biyu na zaunar da ita kusa da ni, ina riƙe da ita a duk ramin da muka faɗa har muka hau gadar Wudil.

Ba zan zalunce ta ba, monita ce mai kyau. Ciwon ido ya tafi. Aikin da nake yi a yini sai na gama kafin la'asar. Ɗalibai suka dawo, har da waɗanda ba su da aiki, don a ce an gani. Bencina ya koma majalisa. Wanda ya fi kowa zama shi ne Nu'uman, tela ne a maƙwabtana, abokina tun firamare, yana zuwa shan iskar fanka in wuta ta ɗauke a wurinsa. Nu'uman yana da wata cuta: ba ya iya ganin rubutu bai karanta shi a fili ba. Bayan tirela, buhun taki, rigar mai wucewa, duk sai ya karanta maka.

Kwana huɗu da saka monitar, ina buga wa wata ɗaliba aiki, sai na ji shi daga benci ya ce, "Mutumina, layi na uku ka tsallake harafi."

Na duba, haka ne. Muka kwashe da dariya, har na ce masa zan ɗauke shi aiki. Wallahi dariya na yi. Mutum yana zaune taku uku a bayana yana gyara mini rubutu, ni kuma abin da na fahimta kawai shi ne na sayi kaya mai kyau.

Ranar wata Alhamis bayan la'asar Baba Haladu ya shigo. Dattijo ne mai noman rani a fadama, albasa da tumatir. Ya yi shekaru yana aiki a wani gari can gabas kafin ya dawo Wudil da matarsa da 'yar ƙaramar yarinya, Radiyya. Matar ta rasu tuntuni, su biyu suka rage a gidan. Radiyya a lokacin tana shekarar ƙarshe a jami'a, fannin noma take karanta, ni nake buga mata furojet. Kowa a layinmu ya san su. Yarinya ce mai baki, takan tsaya a bakin shagona ta yi ta musu da uban a kan taki har mutane su taru, shi yana cewa gona ba a littafi take ba, ita tana cewa shi ya sa albasarsa take ruɓewa.

Muka gaisa, ya tambayi iyali ɗaya bayan ɗaya, ya tambayi kasuwa, na tambayi ruwa da ƙafarsa da ke damunsa. Bai zauna a 'yar kujerar ba sai da ɗaliban da ke wurin suka watse. Mutum biyu suka rage a benci: Nu'uman yana danna waya, da Safara'u mai sayar da awara a bakin masaukin ɗalibai mata, tana jiran in yi mata kwafin katin shaida. Baba ya waiga ya dube su, ya ga kowa na harkarsa, ya matso da bakinsa kunnena kamar yadda ya saba shekara da shekaru.

"Wasiyya zan yi, ɗana. Rubuta yadda zan faɗa, kar ka gyara mini."

Na fara bugawa. Ya ambaci Allah, ya faɗi sunansa da na mahaifinsa, ya ce yana cikin hankalinsa. Sannan ya ci gaba, muryarsa ƙasa ƙasa, dole na karkata kaina kafin in ji.

Ya ce Radiyya ba 'yar cikinsa ba ce. 'Yar maƙwabcinsu ce a garin da ya yi aiki, uwar ta rasu wurin haihuwa, uban ya bi ta kafin a yi suna, dangi ba wanda ya zo. Shi da matarsa Allah bai ba su haihuwa ba, suka ɗauke ta tana da kwana tara. Tunda a shari'a ba ta da gado a wurinsa, 'ya'yan ƙannensa ne za su gaje shi, yana yi mata wasiyya da gonar fadama ta kusa da kogi, wadda ba ta kai sulusin abin da ya mallaka ba.

Na buga yadda ya faɗa. Ban nuna komai a fuska ba, aikina ke nan.

"Ita ba ta sani ba," ya raɗa mini. "Shekara ashirin da uku ina neman ta inda zan fara. Yanzu na samu. Sati uku ya rage ta gama jarrabawa, in ta gama zan zaunar da ita in gaya mata da bakina. Ba na son ta ji a ranar rabon gado, a gaban mutane, ba na nan balle in riƙe mata hannu."

Ya ce yana so ya karanta da idonsa kafin ya sa hannu, tunda wasiyya ce. A da, abin da nake yi wa masu raunin ido shi ne in fitar da takardar a firinta in miƙa musu, ko in karanta musu a kunne. Shekara goma sha ɗaya haka nake yi. Ranar nan sai na ce, "Baba, ai yanzu ba sai an fitar ba. Duba ka gani."

Na ƙara girman rubutun. Na ƙara, na sake ƙarawa, har kowane harafi ya kai babban yatsa, maganar Baba Haladu ta cika allon daga wannan gefe zuwa wancan. Na ma ɗan ja kujerata baya don kar in tare masa. Ina son in taimake shi, wannan gaskiya ne. Ina kuma son ya ce kai, wannan abu da kyau yake. Ya kuwa faɗa. Ya ce rabon da ya karanta boko babu tabarau har ya manta, ya bi layi layi da yatsa yana gyaɗa kai.

Shirun da na ji a bayana ne ya farkar da ni. Nu'uman ba ya shiru. Na waiga, na gan shi wayar tana hannunsa, idonsa a kan allon, leɓensa yana motsi babu sauti. Muka haɗa ido, ya sunkuyar da kai.

Na rufe shafin da sauri, na fitar da takardar. Baba bai lura da komai ba. Ya ninke ta huɗu ya sa a aljihun gaba, ya sa mini albarka, ya ce a gaida Murja, ya fita yana jan ƙafa.

A nan ya kamata in bi shi. In tsayar da shi a bakin hanya in ce Baba, na yi kuskure, an karanta, ka je ka gaya mata yau, kar ka jira jarrabawa. Magana ce ta minti ɗaya. Kunya ta hana ni, da tsoron yadda zai dube ni. Sai na zaɓi in rufe ɓarnar ba tare da ya sani ba. Na yi wa Safara'u kwafinta na sallame ta, na ja Nu'uman bayan shago na kama wuyan rigarsa.

"In maganar nan ta fita daga bakinka, ni da kai har abada."

"Sakar mini riga," in ji shi. "Wallahi tallahi ko matata ba za ta ji ba. Ni ma ban so na gani ba. Kai ka baza abu kamar allon talla, ka ce kar a karanta?"

Nu'uman ya cika alkawari, na shaide shi har gobe. Safara'u ce ban yi wa magana ba. Ban roƙe ta ba, ban ja mata kunne ba, ko kallon tuhuma ban yi mata ba. A raina na riga na yanke cewa mace mai suyar awara ba ta karanta boko. Ashe ta gama sakandare, ta ma fi Nu'uman saurin karatu.

Kuma ba gulma ta yi ba, wannan ne ya fi ci mini rai. Ita ta ɗauka yarinyar ta sani, tunda ga shi har ana rubutawa a shago. Bayan kwana biyar Radiyya ta je sayen awara da ƙawayenta biyu, Safara'u ta ƙara mata guda uku a kai, ta dube ta da tausayi ta ce, "Allah sarki, ashe ke ma marainiya ce irina. Allah ya saka wa Baba Haladu da Aljanna, samun mai riƙo irinsa sai an tona."

Washegari da hantsi Radiyya ta shigo shagona. Ba ta yi sallama da ƙarfi yadda ta saba ba. Akwai ɗalibai a benci, ta tsaya har na sallame su. Idonta a bushe yake.

"Yaya Muhyiddeen, buɗe mini takardar da Baba ya rubuta."

"Radiyya, ki je ki same shi. Shi ya kamata..."

"Na same shi. Na tambaye shi ko gaskiya ne, ya ce haka ne, ya kasa ƙara komai. Tun jiya yake ɗaki. Ina so in ga yadda ya faɗe ta."

"Ba zan iya ba. Amana ce."

Ta dube ni, ta dubi monitar, ta sake dubana.

"Amana? Mai awara ta karanta, ni ce ba zan karanta ba?"

Ta karɓi filash ɗinta mai furojet a ciki, ta ce za ta ƙarasa a wani wuri, ta fita.

A ranar na juya teburin ya kalli ƙofa, bayan monitar ya koma wajen jama'a. Na fitar da bencin waje ƙarƙashin rumfa. Aikin bai ɗauke ni rabin awa ba, ni kaɗai na yi shi, ina yi ina zagin kaina. Murja da na gaya mata komai ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi. Ta ce in je in ba Baba Haladu haƙuri tun kafin abin ya yi tsami. Sai da na yi wata biyu ina cewa gobe. In na hango shi a masallacin Juma'a sai in canja sahu.

Radiyya ta rubuta jarrabawarta, ta kuma ci, na ji a bakin ɗalibai. Na riƙe wannan ina lallashin kaina da shi, ina cewa to ai ba a yi asara ba, da ma za ta ji, bambancin sati biyu ne kawai.

Da na gaji da kaina, wata safiya na rufe shago na gangara fadama. Na same shi a cikin albasa yana buɗe wa ruwa hanya da fartanya. Ya rame. Ya amsa gaisuwata cikakkiya, bai rage ko ɗaya ba, har ya tambayi Murja. Muka zauna a kan kunya, injin ban ruwa yana ta ƙara a bakin kogi. Na faɗa masa duk yadda aka yi, da girman rubutun, da Nu'uman, da yadda na gan shi yana fita na ƙi binsa. Na ce ya yafe mini.

"Na yafe maka," ya ce. "Tun ranar na gane daga ina ne. Ni ma ai na ji daɗin manyan baƙaƙen nan."

Na tambaye shi Radiyya, ina fatan ya ce komai ya wuce.

"Tana lafiya. Yarinyar kirki ce, ba ta yi mini rashin kunya ba. Na ba ta labarin iyayenta, ta saurara, ta yi godiya." Ya maimaita kalmar a hankali. "Godiya ta yi mini, Muhyiddeen. Tana dafa abinci, tana wanke mini kaya, tana gaishe ni safe da yamma a durƙushe. Da ni na fara gaya mata, na san abin da zan sa a gaba da abin da zan sa a baya. Sai ta ji ƙarshen kafin farkon."

Na ce a hankali za ta saba, lokaci ne. Ya tsinke wani ganyen albasa yana murzawa a yatsa, yana kallon ruwan da ke bin rami.

"Ta je ta tambayi malamai matsayinta a gidana," ya ce. "Jiya na dawo daga gona, na yi sallama a zaure. Tana tsakar gida tana tankaɗe. Da ta ji muryata sai ta tashi da gudu ta shiga ɗaki. Na tsaya ina cewa lafiya. Sai ga ta ta fito da hijabi har ƙasa, ta ce mini sannu da zuwa."